Allah Gafarta Malam, Kogin Ma Yana Cikin Littafi

Tun ban yi nisa ba na hango wasunku sun fara taɓe baki. Wai liman da kogi, me ya haɗa kifi da kaska? Liman aikinsa ya ja salla, ya ɗaura aure, ya raɗa suna, ya sallaci gawa, in an kawo goro ya sa albarka. Zancen ruwa da itace da rairayi kuwa na ma'aikatan gandun daji ne da masu fararen motocin nan masu dogon eriya, waɗanda ke sauka Diffa da hantsi, su yi taro a ɗaki mai sanyi, jirgi ya maida su Yamai kafin magariba. To ku gyara zama. Zolaya na zo yi, wanda ta taɓa kada ya ce ban yi sallama ba.

Bari in fara gabatar muku da kogin, don mafi yawan masu gardama a kansa ba su taɓa jiƙa ƙafa a ciki ba. Komadugu Yobe shi ne iyakar Nijar da Nijeriya na tsawon kusan kilomita 150. Yana bi ta gefen garin Diffa, ya gangara ya faɗa Tabkin Chadi a wajejen Bosso da Malam Fatori. Ba ya kwana shekara. Sai damina ta kankama yake isowa, ya yi ta cika har bayan an ɗaure dammunan gero, ya kai maƙura wajen Nuwamba, sannan ya janye, kafin bazara ta yi tsanani yara na tsallake shi da ƙafa. Makararsa tana da dalili. Ruwan saman Diffa, wanda da kyar yake wuce milimita 300 a shekara, ba zai cika kogi ba. Daga ƙasar Kano da Bauchi da duwatsun Jos ruwan ke tasowa, ta kogin Haɗeja da na Jama'are, ya yi watanni yana zagaya fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi ta Gashuwa da Gaidam, abin da ya rage ya ƙaraso. Mutumin Diffa shi ne na ƙarshen sahu, sai kowa ya sha ya ƙoshi ƙwarya ke zuwa hannunsa.

A kan wannan ragowa aka gina arzikin kwarin: shinkafa, alkama, albasa, kifi, sai uwa uba tattasai, wanda ake wa kirari da jan zinariyar Manga. Kafin tashin hankali ana kiyasta kwarin yana fitar da kusan tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara, wajen kashi 80 cikin 100 na abin da Nijar duka ke nomawa, mafi yawansa kuma kasuwannin Nijeriya yake nufa. Uwargida a Kano ko Maiduguri, wataƙila jan da miyarki ta yi jiya daga can ya zo ba ki sani ba. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka ƙuntata sayen taki da man injin ban-ruwa, aka hana cinikin tattasai da kamun kifi, bisa hujjar cewa 'yan bindiga na tatsar haraji daga ciki. Sai a 2017 aka ɗage na tattasai, na kifi kuma a 2019. Manomi na murna ya koma garka, a Oktoban 2019 kogin ya yi ambaliyar da ta tashi mutum sama da 20,000, ya sake a 2022. In wannan bai isa abin huɗuba ba, ban san me ya isa ba.

Na fara da kai, Allah gafarta malam, tunda kai ne babba. Na ji ka a zaure kana cewa maganar muhalli duk shirin Turawa ne, su suka ɓata sama da hayaƙin masana'antunsu, yanzu sun dawo suna koya mana dashen dogon-yaro. Rabin zancenka gaskiya ne, hayaƙin nasu ne. Amma ɗan miƙo mini Muwaɗɗa ɗin nan da ke bayanka, ka kaɗe masa ƙura tukuna. Buɗe wajen hukunce-hukunce, babin ruwa. Imamu Malik ya kawo hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke a kan Mahzuru da Muzainibu, wasu ƙoramu biyu na Madina, cewa mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya saki wa na ƙasa da shi. Idon sawu fa, malam. Ba a ce gwiwa ba, ba a ce ƙugu ba, balle wuya. Ka ƙara gaba kaɗan za ka tarar da Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ja magudanar ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi alhali ba abin da zai rage shi da shi, Sayyidina Umar ya tilasta a bar ruwan ya wuce. Ita ma Risala, can wajen ƙarshe, ta faɗi yadda ake yi da rijiyar dabbobi a daji: masu ita su fara shayarwa, in sun gama sauran jama'a daidai suke a kanta.

Na san inda gizo ke saƙar. Littattafanmu na fiƙihu da ruwa suke buɗewa, wane ne mai tsarki, wane ne mai tsarkakewa, in launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya sake mene ne hukunci. Ɗalibi yakan shekara a nan yana maimaitawa, ya haddace Ahalari da Ishmawi, ya taɓa Iziyya, sai aure ya zo, sai kasuwa ta kira. Babin rabon ruwa da makiyaya da rayar da mataccen fili yana can bayan littafi inda ba kowa ke kai wa ba. Shi ya sa muke da gwanaye a kan ruwan buta, masu iya raba gashi biyu a kan ɗigo ɗaya, amma in an ce wa ke da haƙƙin ruwan kogi sai su ce a tambayi Bature.

Kai kuma Bakano, me kake wa dariya? Zo kusa. A 1974 aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka ƙara na Challawa. Bangon Tiga ya haura mita 40. Ina tambaya cikin ladabi, idon sawun wane ƙato aka auna? Kada ka tashi, ban ce ka yi sata ba. Birnin Kano na shan ruwa ta nan, tumatirin Kadawa da shinkafar Kura ta nan suke rayuwa, na sama kuwa shari'a ta ba shi ya fara sha. Sakin ne abin dubawa. Da aka daina barin ambaliyar damina ta sauko da ƙarfinta, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ruwan ya riƙa ɓacewa a hanya. Yau mafi yawan abin da ke isa Gashuwa, har ya ƙarasa Diffa, na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse ba. Shi ma an daɗe ana zancen datse shi a Kafin Zaki ta jihar Bauchi, duk lokacin da zancen ya taso mutanen Yobe da Borno sai gabansu ya faɗi, balle na Diffa da ba su da ƙuri'a a Nijeriya.

Takarda dai ba ta yi ƙaranci ba. Akwai Hukumar Tabkin Chadi tun 1964. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, akwai kundin ruwan tabkin na 2012. Mutum nawa ne a Wudil ko Gaidam ko Shetimari suka taɓa ganin ko bangon ɗaya daga ciki? Amma Risalar da ake karantawa a Wudil ita ake karantawa a Haɗeja, ita ake karantawa a Gashuwa, ita ake karantawa a Diffa. Babu wata doka da mutanen kogin nan daga kansa har wutsiyarsa suka yarda da ita baki ɗaya, ba tare da soja ya tsaya a kansu ba, in ba wannan ba.

Ga yallaɓai ɗan boko can ya gyara tabarau, ya ce tsaya, ai addinin ne ya jefa yankin cikin wannan hali, yanzu kuma a ce a kira shi ya gyara? Yallaɓai, ka karanta tarihin juyin juya halin Faransa har ka iya jera sunayen waɗanda aka fille wa kai, amma na gidanku ya sha maka kai. A bakin wannan kogi Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, nan Mai Idris Aloma ya yi mulki, nan sarakunan Borno suka riƙa bai wa malamai takardar mahram da ke ɗauke musu haraji don su zauna su karantar. Har gobe in Bahaushe ya ce yaro ya tafi gabas, karatun Alƙur'ani yake nufi, kuma wannan gabas ɗin ce. Bayan birnin ya faɗi a 1808, Shehu Muhammadul Amin Alkanemi ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello na Sakkwato, jigon hujjarsa kuwa shi ne saɓo ba ya maida Musulmi kafiri har a halatta jininsa da dukiyarsa. Gardamar da 'yan bindiga suka taso da ita da harsashi, malaman kwarin nan sun yi ta da tawada shekaru ɗari biyu da suka wuce. Waɗanda aka yanka a ƙauyukan bakin kogi masu salla ne, da limamai a cikinsu. Da gwamnati ta buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya bayan tayin afuwa na ƙarshen 2016, ba ta tsaya a koya musu ɗinki da kafinta ba, sai da ta nemo malamai su warware musu abin da aka ƙulla a kansu. Ko hukumar da kake yi wa aiki ta san inda mabuɗin yake.

Kuma ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah, aikin raya karkara nawa ka gani ya wuce shekara uku? Kuɗi ya ƙare, mota ta koma, a bar allon ƙarfe a bakin hanya yana tsatsa, da sunan masu ba da tallafi cikin harsuna biyu. Masallacin ƙauyen kuwa sau biyar ake buɗe shi a yini, ba ya jiran kasafin kowa.

In hujja kuke so wadda ido ya gani, ga ta. Tun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, mutane suka fara tsallako kogin. A Nuwamban 2014 Damasak da Malam Fatori suka faɗi, dubbai suka afko cikin 'yan kwanaki, wasu da iyo. A 2015, bayan harin tsibirin Karamga, aka umarci mazauna tsibiran tabki su fice, suka nufi Ngigmi da Bosso a ƙafa. A Yunin 2016 Bosso kanta ta watse, bukkoki suka jeru a gefen babbar hanya a Kinjandi da Garin Wanzam. Jihar Diffa da ƙidayar 2012 ta ce mutanenta ba su cika 600,000 ba ta wayi gari da sama da 250,000 da suka rasa matsuguni. Sansanin Sayam Forage kaɗan ya ɗauka daga ciki. Da farko mafi yawansu gidajen mutane suka sauka, a Diffa da Bosso da Maine Sorowa da ƙauyuka. Magidanci mai mutum goma ya koma ciyar da talatin. An buɗe rumbu, an ba da aron gona, an raba tabarma, tun kafin farar mota ta farko ta iso. Ka tambayi dattijon da ya yi haka dalilinsa, ba zai ambaci yarjejeniyar Janiba ba. Zai ce maka baƙo rahama ne, ko ya tuna maka mutanen Madina da masu hijira, ko ya ce Allah na gani, ya ci gaba da jan carbinsa. Zumunci ma ya yi aiki, don dangi ɗaya ne a gaɓa biyu. Amma wanda zai raba zumuncin Barebari da addininsu sai ya tashi da asuba.

Abin da nake cewa bai wuce haka ba. Zuciyar da ta iya raba rumbu da baƙo za ta iya raba ruwa da na ƙasa, in an tuna mata cewa babi ɗaya ne.

Alhaji, na ga kana gyaɗa kai kana jin daɗi an taɓa malam da ɗan boko. Kawo kunnenka. Noman tattasai na cin kuɗi tun kafin a ga fure: iri, taki, man inji, maganin ƙwari, ladan masu tsinka. Ƙaramin manomi ba shi da su, sai ya zo rumfarka. Ka ba shi, da sharaɗin in kaka ta yi ya biya da buhu a farashin da kai ka yanke, lokacin da kasuwa ta cika tattasai ya faɗi. Ka tara a sito, wata huɗu ka fitar ya ninka. In tsutsa ta ci gonar ko kogi ya shanye ta, bashi na nan, har da 'ya'yansa. Kana sahun farko, na shaida, kuma ka je Makka fiye da sau ɗaya. Na kuma san fatawar da ka fi ƙauna a duk mazhabar Malikiyya: babu zakkar amfanin gona a kayan lambu. Gaskiya ne, haka take, ko da yake Imamu Abu Hanifa na ganin duk abin da ƙasa ta fitar a fitar masa, amma ban ga kana marmarin sauya mazhaba ba. Sai dai malaman da suka ɗauke wa tattasai zakka a gona ba su ɗauke wa hajar ɗan kasuwa ba, kuma su ne suka ce rancen da ya jawo wa mai shi riba haramun ne. Sayen amfani kafin ya nuna yana da ƙa'ida: a san awo, a san lokaci, a yanke farashi a biya tun farko, ba a bar shi a buɗe sai ranar da manomi ya fi rauni ba. Kai ne na sama a wannan magudana, Alhaji. Idon sawu ya isa.

Ta nan mata suka riga mu. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, inda mata ke zuba ɗan abin da suka samu duk mako su ranta wa juna, ya bazu Nijar har ya tsallaka ƙasashe. Hajiya ba ta jira taron ƙasa da ƙasa ba. In kwamitin masallaci zai iya tara kuɗin lasifika ta huɗu da tayil ɗin bango, zai iya tara asusun rance marar ruwa da zai sayi man inji ga manomi goma. Lasifika uku ma muna ji, wallahi.

Bafulatani da Babarbare kuwa ba sai na zolaye ku ba, kun fi ni iyawa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne tun kaka da kakanni. Wasan nan na taubasai har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Amma wasa na ƙarewa a bakin mashaya. Da garake suka mamaye gaɓar kogi, hanyar da shanu ke bi su sha ruwa ta tsuke, wani wuri ta toshe. Rashin tsaro ya hana makiyaya shiga kwarin tabki inda suke cin rani, suka taru a ɗan abin da ya saura, ga Tubawa da Larabawa da raƙumansu su ma suna neman rijiya. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun amince da burtali da haƙƙin kai dabba ga ruwa, an kuma kafa kwamitocin filaye har ƙauyuka. Sai dai kun san labarin da ya girmi dokokin nan. Mutanen Annabi Salihu an raba musu ruwa da taguwa, yau nata gobe nasu. Suka ga kamar dabba ba ta isa a yi rabo da ita ba, suka soke ta. Sauran labarin kowane ɗan makarantar allo ya sani. Babarbare, kafin ka ja shingen ƙaya ka rufe burtali, tuna da taguwa. Kai ma Bafulatani kada ka yi murmushi, Alƙur'anin da ya kawo taguwa shi ya kawo shari'ar tumakin da suka kwana a gonar mutane, wadda Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yanke, kuma ba a ce mai gona ya yi haƙuri ya tafi ba.

Sai itace. Mutum dubu ɗari biyu da hamsin ba sa cin ɗanyen gero, kowace tukunya wuta take so, kuma wanda aka raba da gona da koma ba abin da ya rage masa na sayarwa sai itace da gawayi. Wanda ya zagi matar da ke saran itace a bayan sansani bai taɓa kwana da yara masu yunwa ba. Amma wa zai yi wa mai babbar mota uzuri, wanda ke lodin ɗanyen itace ya kai gari? Malam, kai ma da ɗan laifinka, wutar da almajirai ke kewayewa su yi karatun dare ba da iska take ci ba. Can yamma, a Maine Sorowa da Gudumariya, tuddan rairayi na tafiya suna binne kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa. Mutanen wurin, tare da ƙungiyoyi irin su Karkara da ma'aikatan gandun daji, sun koyi tsayar da su: a kafa shinge na reshen kalimbo ko na kaba a jere, a shuka ciyawa da itace a tsakani, a hana dabba shiga har ya kama. Wannan hanin na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma shi ne muke da sunansa tun da, hurumi. Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, a ƙasar Hausa ma an san filin da ba a noma ba a sara. Mai gadi na barci, albashinsa na makara. Filin da liman da mai gari suka tsaya gaban jama'a bayan Juma'a suka ce hurumi ne, wanda zai shiga da gatari sai ya fara waiwayawa. Ranar 3 ga Agusta kowace shekara manya na dasa itace a gaban kyamara, Allah ya saka. Wa zai ba shi ruwa ranar 4 ga wata?

Akwai mai cewa duk wannan daɗin baki ne, wa'azi bai taɓa hana kowa abin da cikinsa ke so ba. Je ka tsibirin Misali kusa da Pemba a Zanzibar. Masunta can sun daɗe suna jefa nakiya a teku, kifi ya mutu babba da ƙarami, gidajen kifin su rugurguje. Hukuma ta hana, suka yi kunnen uwar shegu. Wajen shekarar 2000 aka zauna da limamai da malaman islamiyya, da taimakon wata ƙungiyar Musulmi ta Birmingham da Fazlun Khalid ya kafa, aka bi ayoyin amana da na hana ɓarna a bayan ƙasa ɗaya bayan ɗaya tare da masuntan. Da yawansu suka ajiye nakiya. A Indunusiya majalisar malamai ta ba da fatawar haramta ƙona daji a 2016. Ban ce gobara ta ƙare ba. Wa'azi ba ya buɗe ƙofar dam, ba ya yashe kachalla, wannan aikin injiniya ne da gwamna da kasafi. Faɗa wa mai iko gaskiya ma yana da tsada: Musa Changari na ƙungiyar Alternative ya kwana a tsare a Mayun 2015 bayan ya soki yadda aka kwashe mutanen tsibirai. Sai dai wannan ma babi ne a littafin, malam, kuma an faɗi darajarsa.

Saura ku biyu da kuka zauna nesa da juna, na Izala da na ɗariƙa. Kowannenku jira yake in faɗi wanda nake nufi da malam, don ya ce ai da ma. Ku duka nake nufi. Kun shekara arba'in kuna kai ruwa rana a kan ƙabalu da sadalu da maulidi, kowa da kaset ɗinsa, yanzu kowa da shafinsa na Facebook. Ban hana ba, ku ci gaba bayan isha. Amma ambaliyar 2019 ba ta tambayi mai garka inda yake sa hannu a salla ba, kuma ledar ruwan da ake zubarwa a harabar wa'azinku da ta zikirinku iri ɗaya ce, akuya ɗaya take kashewa, ko da yake Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014. Mai zikiri ya ce komai na tasbihi, har tsuntsu da itace; to ya hana a sare mai tasbihi ba dalili. Mai sunna ya ce a bi hadisi sau da ƙafa. To ga hadisin da ya hana ɓarnar ruwan alwala ko a bakin kogi mai gudu, ga wanda ya tsine wa mai ba-haya a mashaya da inuwa da hanya, ga wanda ya ce jama'a sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Ban ga inda za ku saɓa ba, sai in kun nema da fitila, wanda na san kuna iyawa.

Roƙon ruwa kuna fita tare, na gani, har da yara da tsofaffi da juya riga. To in an ba da ruwan, a fito tare a raba shi. Limaman Diffa da Shetimari da Geskeru, da na Gaidam da Gashuwa da Haɗeja har Kano, ku ware Juma'a ɗaya kafin kogi ya iso bana, kowa ya karanta wa jama'arsa babin ruwa daga Muwaɗɗa, ya fassara da Barbarci da Hausa da Fulatanci, a gaban mai gari da Alhaji da Arɗo. Wanda nasa littafin ya ɓata ya aiko, a ara masa.